Waken Umaima da Butar Kakanta

Malam Tukur bai san zaman banza ba sai da ya shigo birni. Rayuwarsa duka a fadamar Auyo ya yi ta, ƙafa cikin laka, yana faɗa da ciyawar kacalla da tsuntsaye jan-baki a kan shinkafarsa. Da ambaliya ta rushe masa ɗaki, gwiwa kuma ta ce ita fa ta gaji, sai ɗansa Ja'afar, mai bandar kifi a kasuwar Haɗeja, ya je ya ɗauko shi, ya ba shi ɗaki a gidansa da ke unguwar Gagulmari, ya ce, "Baba, noma ya ƙare. Ka huta."

Hutu! Wallahi da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Gidan an shafe shi da siminti tun daga zaure har bakin madafa, ko ciyawa ba ta samun wurin leƙowa. Tsohon ya wuni a kan tabarma da carbinsa da sandarsa da butarsa, yana kallon bango, bango yana kallonsa.

Matar Ja'afar, Mairo, ba ta rage shi da komai ba, sai dai ita da shi akwai kunya irin ta da. Ba ta kallon idonsa, ba ta kama sunansa, har yaron maƙwabta mai suna Tukur "mai sunan Baba" take ce masa. In tana da magana da shi, ko yana zaune a gabanta, 'yarta take juyawa ta ce wa, "Umaima, ki gaya wa Baba ga tuwo nan." Shi ma ya dubi yarinyar ya ce, "Ki ce mata an gode." Umaima kuwa, 'yar aji biyar, baki kamar reza, ita ce kaɗai ba ta raga masa. Yana ce mata amarya, tana ce masa Tsoho, kullum suna cikin tsiya.

Wata rana da bazara ta dawo daga makaranta da gwangwanayen tumatir guda uku da wake a ƙulle a bakin hijabi.

"Malama Adila ce ta ba mu aikin gida," in ji ta. "Mu shuka wake a gwangwani uku. In sun yi kunne, na farko a ci gaba da ba shi ruwa da rana. Na biyu a hana shi ruwa. Na uku a kife shi da tukunya, kada ya ga haske. Kullum mu auna tsawonsu. Wanda aikinsa ya yi kyau shi zai nuna wa iyaye ranar bikin kimiyya."

Malam Tukur ya ajiye carbi. "A hana shi ruwa? Da gangan?"

"Da gangan."

"Wace irin makaranta ce wannan da ake koya wa yara kisan shuka? Zo in gaya miki amsar ki huta. Na biyu zai mutu, na uku zai yi fari kamar mai jinya. Shi ke nan, je ki gaya wa malamar."

"Malama ta ce ba a son an ce. Gani ake so, da awo."

Ya yi tsaki, amma kafin ta cire kayan makaranta har ya jawo gwangwanayen yana huda musu gindi da ƙusa. Ƙasar da ta ɗebo a ƙofar gida ya shinshina ya watsar, ya ce wannan ko ƙaya ba za ta fito a cikinta ba. Ya dogara sanda har gidan maƙwabci, ya samo ƙasar turken awaki, ya cuɗa da rairayi. Rabon da a ji shi yana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi tun yana Auyo, ranar kuwa Mairo ta ji daga madafa.

Wake ya tsiro, ukun duka, tuɓul-tuɓul. Kullum da la'asar Umaima ta durƙusa da rularta ta auna, ta je jikin bangon madafa ta ja layi da gawayi, kowane gwangwani da nasa gurbin. Mairo tana tankaɗe tana yi mata tambaya.

"Jiya santimita shida, yau takwas. Nawa ya ƙaru?"

"Biyu."

"In gobe ma ya ƙara haka, jibi ma haka, ina zai kai?"

Yarinya ta lissafa ta faɗa, uwa ta gyaɗa kai. Tsoho kuwa daga tabarma yana cewa su dai sun cika wahalar da kansu, shi da ido yake awonsa.

Ran da aka yanke wa na biyu ruwa aka kife na uku, Malam Tukur ya juya tabarmarsa ya ba su baya. Ya ce ba ruwansa. Washegari ma ya ce ba ruwansa, sai dai wuyansa ya fara ciwo saboda waiwaye. Rana ta bazarar Haɗeja kuwa ba ta wasa. Kafin a jima ganyen na biyu ya yi laushi, ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ji abin har cikin ƙirjinsa. Shi da ya taɓa kwana yana jan ruwa da guga don kada shinkafa ta ƙone, yau a ce ga shuka tana kuka a gabansa, ga buta cike a gefensa, ya zuba ido?

Da hantsi Umaima tana makaranta, Ja'afar yana kasuwa, Mairo tana ɗaki. Ya tashi zai yi alwalar walaha, sai aka yi sa'a wurin da ya zaɓa ya tsuguna dab da gwangwani na biyu ne. Da ya gama, ɗan ruwan da ya rage a buta sai ya karkace. Shi dai bai zuba ba, hannu ne ya goce. Kafin azahar ganye ya miƙe yana sheƙi, tsoho ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka.

To, hannun da ya goce yau, gobe ma sai ya goce. Da ya ga abin zai ɗore, sai ya shigo da dabara. Ya samo bututun tsohon biro, ya soka a gefen gwangwani har ƙasa, ya riƙa ɗura ruwa ta ciki, sannan ya zare, ya barbaɗa busasshen rairayi a sama. Wanda ya taɓa zai rantse rabon ƙasar nan da ruwa tun bara. Na cikin tukunya ma bai manta da shi ba. Da Umaima ta fita sai ya ɗage masa, ya ce ɗan marayan Allah ya sha rana, in ya ji an kusa tashi daga makaranta ya mayar ya kife.

Sai ga layukan gawayi a bango sun jeru kai ɗaya kamar sahun salla. Umaima ta yi ta dubawa tana soshe kai.

"Tsoho, ka ce zai mutu. Ga shi har ya so ya fi na farko."

"Ikon Allah ke nan, amarya," in ji shi, yana jan carbi, fuska kamar ta limami. Mairo da ke tsince shinkafa ta ƙara sunkuyar da kai cikin faranti.

Ran da malama ta ce a kawo a gani, Umaima ta jera gwangwanayenta a tire ta fita tana taku ɗai-ɗai. Da ta dawo ko sallama ba ta yi ba. Ta dire tiren, ta zauna a dokin ƙofa, ta fashe da kuka.

Da ƙyar Mairo ta ciro maganar daga bakinta. Ashe na kowa na biyu ya bushe, na uku ya yi dogo fari sol, nata ne kaɗai ukun suka yi shar. Ita kuma da ƙarfin halinta ta miƙe a gaban aji ta ce ta gano waken gidansu ba ya buƙatar ruwa ko rana. Aji ya kwashe da dariya. Wasu suka ce waken aljanu ne, wata ta ce ƙarya ne, maguɗi ta yi don nata ya fi kyau. Malama Adila ta tsawatar, ta zare ɗan tsiron na biyu kaɗan, ta nuna mata saiwa a jiƙe.

"Ta ce akwai hannun mutum a ciki," in ji Umaima tana shessheƙa. "In hannuna ne, maguɗi ne, ba zan shiga biki ba. In ba nawa ba ne, in gano na waye, in zo da shaida. Umma, wallahi ban zuba ba!"

Malam Tukur ya gyara zama a kan tabarma. Ya buɗe baki zai yi magana, sai kuma ya tuna girma, ya mayar da ita tari. Ya ce a ransa yara ne, gobe ta manta.

Ina! Umaima ba ta manta ba. Da safe kafin ta tafi ta ɗebo toka a murhu, ta tankaɗe ta da rariya kewaye da gwangwanayen, faɗin taku uku ta kowane gefe, lis kamar an shimfiɗa farin ƙyalle. Ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, ta rataya jaka ta fita.

Tsohon ya ce ya tuba, ba zai ƙara ba. Ya riƙe tubarsa har rana ta take. Amma saiwar da malama ta taɓa ta sa na biyun ya langaɓe fiye da kullum, ganyensa har yana taɓa bakin gwangwani. Ya duba, ya kau da kai, ya sake dubawa. Sau ɗaya dai, na ban kwana. To amma toka fa? In ya taka da ƙafa, yatsunsa da laka ta baje kowa ya san su. In ya sa takalminsa, shi kaɗai ne namiji a gidan a wannan lokaci. Yana cikin wannan lissafi idonsa ya faɗa kan silifas ɗin Mairo a ƙofar ɗakinta.

Kai jama'a! Mutumin da ko tabarmar da surukarsa ta zauna ba ya takawa. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya yi a'uziyya, ya zura ƙafa. Takalmin bai kai masa ƙarshen tafi ba, diddige yana waje. Haka ya lallaɓa yana dogara sanda, ya ɗura ruwa, ya barbaɗa rairayi, ya dawo da baya da baya, ya ajiye silifas yadda ya same su har da karkacewarsu. Labulen tagar Mairo ya ɗan motsa, ya ce iska ce.

Da la'asar Ja'afar ya dawo yana warin hayaƙin banda, ya tarar da 'yarsa durƙushe a bakin toka da rula. Ta auna sawun tsaye, ta auna shi kwance. Ta bi takalman gidan kaf tana aunawa. Daga ƙarshe ta ɗauko silifas ɗin uwarta ta ɗora a kan sawun, ya zauna daram.

"Umma," ta ce a hankali, "ke ce?"

Mairo tana tsaye da ludayi a hannu. Ta dubi ƙasa.

"Haba Mairo!" in ji Ja'afar. "Ke da kike zama kina taya ta lissafi, ke ce za ki lalata mata aiki? An kira 'yarki mai maguɗi a gaban aji, kina ji kina gani kika yi shiru?"

"A yi haƙuri," in ji Mairo.

"Ba ni za ki ba haƙuri ba. Gobe ki sa mayafinki ki je makarantar, ki tsaya gaban malamar da yaran, ki ce ke kika zuba."

"To."

Wannan "to" ɗin ita ta gama da Malam Tukur. Nan take ya gane labulen nan ba iska ba ce. Ta gan shi. Wataƙila tun ranar farko take ganinsa. Kuma ta gwammace ta je ta tsaya gaban yara a yi mata dariya da ta buɗe baki ta ce surukinta ne, balle ta ce ya sa mata takalmi. Carbin hannunsa ya tsaya cak. Kunya ta rufe shi tun daga hula har yatsun da laka ta baje.

"Ba ita ba ce," ya ce.

Kowa ya juyo.

"Na ce ba ita ba ce. Ni ne."

Ja'afar ya dubi ubansa, ya dubi sawun, ya dubi silifas. "To Baba, takalmin fa?"

Mairo ta saki ludayi ta faɗa ɗaki da gudu, aka ji wani sauti daga ciki kamar an toshe baki da matashi, ba wanda zai ce kuka ne ko dariya. Ja'afar ya cije leɓe, ya ce bari ya je ya duba ko ya kulle babur, babur ɗin da ke jingine a gabansa.

Umaima ta naɗe hannu a ƙirji. "Da ma na sani."

"Kin san me, ja'ira?"

"Zo ka gani. Ga sawun takalmi, ga diddige ya leƙo ta baya da santimita uku. Ƙafar Umma ba ta cika takalminta ba ma. Ga kuma ramin sanda a gefen kowane taku. Umma tana dogara sanda ne?"

"To da kika sani, don me kika ɗora wa uwarki?"

"So nake in auna iya inda za ka kai kana shiru. Malama ta ce komai ana iya auna shi."

Ya ɗaga sanda kamar zai make ta, ita ko gezau ba ta yi ba. Sai ya ga idonta ya cicciko.

"An ce mini mai maguɗi, Tsoho. Har Jannat da muke zama benci ɗaya ta matsa gefe."

Ya sauke sandar. "Amarya, ban iya ba ne," ya ce. "Tun ina kamarki ban taɓa ganin shuka tana jin ƙishi na wuce ba. Gidan nan kaf ba abin da ke buƙatata sai waken nan. Amma na cuce ki, na cuci uwarki. Gobe ni zan je."

Ya kuwa je. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya dogara har makarantar, ya tsaya gaban 'yan aji biyar ya ce shi ne ɓarawon ban ruwa, jikarsa ba ta san komai ba. Maganar takalmi dai ya tsallake ta. Malama Adila, wata siririya mai tabarau, ta saurare shi har ƙarshe ba ta yi dariya ba, ko da yake kumatunta sun sha wuya.

"Baba, mun gode," ta ce. "Yara, kun ga abin da Umaima ta yi? Sakamako ya zo mata ba yadda ake zato ba, ta bincika har ta gano dalili. Wannan shi ne aikin. Akwai sauran lokaci kafin biki, ta sake shukawa." Ta juyo gare shi. "Amma tana buƙatar mai gadi, Baba. Wanda zai tsare mata gwangwanayen nan daga kaji, da awaki, da duk wani mai buta. Na ga ba wanda ya san hanyoyin ɓarawon kamarka."

Haka aka ɗaure tsoho da igiyarsa. Aka sake shuka, wake ya yi kunne, aka yanke ruwa, aka kife tukunya. Malam Tukur da kansa ya miƙa butarsa ya ce Umaima ta ba uwarta ta ɓoye, alwala ma a masallaci zai riƙa yi. Ya dawo da tabarmarsa gaban gwangwanayen ya zauna gadi.

Wayyo, gadin nan ya ci masa rai. Ganyen na biyu ya yi laushi, ya nannaɗe, gefensa ya fara ƙonewa. Tsohon ya riƙa zama a kan tafukan hannunsa. Wata rana Umaima ta dawo ta tarar ya cire malafarsa ya riƙe a saman gwangwanin yana yi masa inuwa, shi kuma rana tana dukan ƙoƙon kansa.

"Tsoho!"

"Ruwa aka hana. Wa ya ce an hana inuwa?"

"Na farko yana rana, shi ma dole ya zauna a rana. Abu ɗaya kawai ake bambantawa. Mayar da malafarka."

Ya mayar yana ƙunƙuni. Tuwo ma ya rage ci. Mairo takan ji shi da hantsi yana magana ƙasa-ƙasa da waken, yana ce masa ya yi haƙuri, karatu ne ya jawo, shi ma ba a son ransa ba. A bango kuwa layuka suka rabu. Na farko yana hawa a hankali, na biyu ya tsaya wuri ɗaya, na uku ya zabura ya wuce kowa. Wannan na ukun ya ba tsohon mamaki, don shi fari kawai ya ce zai yi, bai san zai yi wannan tsawo ba. Ya karɓi rular da kansa ya dudduba, ya ce a sake aunawa a gabansa.

Ranar biki aka jera tebura a ƙarƙashin darbejiyar makaranta, iyaye suka cika bencina. Mairo ta ce tana da aiki a gida, Ja'afar ya ce zai biyo baya, don haka Malam Tukur ne ya zauna a sahun gaba, babbar rigarsa ta yi wani tudu a gefe ɗaya. Wasu yara suka tace ruwan kogi da yashi da gawayi, wasu suka kunna ƙwan tocila da batir da waya. Da aka zo kan Umaima ta tsaya kyam, ta nuna kore, ta nuna busasshe, ta nuna dogon fari, ta faɗi tsawon kowanne da abin da ya ƙaru ko bai ƙaru ba, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Gaya musu labarin shukar farko ma," in ji Malama Adila.

"Shukar farko wani ne ya lalata mini," in ji Umaima. "Na barbaɗa toka na kama sawunsa. Takalmin mace, diddigen namiji, da ramin sanda. Ba zan faɗi sunansa ba, don babba ne."

Kai, yarinyar nan ba ta da dama! Idanun wurin kaf suka juyo kan tsoho ɗaya tilo mai sanda a sahun gaba. Ya ja hannun riga zai rufe fuska, sai tudun nan ya zame, wata sabuwar buta da ya aro a masallaci ta faɗo tana tangal-tangal. Wurin ya kece da dariya har da masu riƙe ciki. Aka tafa wa Umaima, Jannat ce ma ta fi kowa tafi.

Malama Adila ta share hawayen dariya ta ce, "Baba, an gama. Bismilla."

Bai jira an maimaita ba. Ya ɗauki buta ya isa teburin, ya tallafi ganyen na biyu da yatsa. Ganyen ya ruguje a hannunsa. Ya murza karan, ya ji shi fayau. Ya san an makara, shi da ya tsufa yana wannan aiki. Duk da haka ya zuba ruwan a hankali har ya fito ta hudar da ya yi da ƙusa. Umaima ta daina murmushi. A hanyar gida tana riƙe da tire, yana dogara sanda, ba wanda ya tsokani wani.

Suna shiga tsakar gida ya tsaya. A jikin bangon gabas, inda rana ke fara sauka, buhunan kifi ne tsofaffi a jere, an naɗe bakinsu, an cika su da baƙar ƙasar bakin kogi. Ja'afar yana gefe yana karkaɗe laka daga wandonsa, yana kallon sama kamar bai san zancen ba. A gaban buhunan an ajiye ƙwarya da irin wake, da kuɓewa, da yakuwa. Ga tsohuwar butarsa cike da ruwa. Kusa da butar kuma, an wanke su tas an jera, silifas ɗin Mairo ne.

Daga cikin madafa, ba tare da ta leƙo ba, muryar Mairo ta fito.

"Umaima, ki gaya wa Baba simintin da zafi. Ga takalmi nan, ko zai yi ban ruwa."

Ja'afar ya faɗa zaure da gudu. Umaima ta dire tire ta zube ƙasa tana dariya. Malam Tukur ya tsaya baki buɗe, sannan dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya jingina da bango, har ruwa ya zubo masa a gemu, ya bar shi yana zuba bai share ba.

Da ya samu numfashi ya ce, "Ki ce mata an gode. Ki ce mata sun yi mini kaɗan da santimita uku."

Ya jingine sanda, ya naɗe hannun babbar riga, ya durƙusa a gaban buhun farko da gwiwar da aka ce ta gaji. Ya tura yatsunsa cikin ƙasar har wuyan hannu.

"Amarya," ya ce, bai waiwayo ba, "kawo rularki. Wannan karon duka za su sha."